Yadda zaka samu kwastoma kuma ka yanke farashi idan kana haɗa websayit a Katsina

Yara da yawa a garin nan sun iya haɗa websayit yanzu, wasu sun fito daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da fasahar zamani, wasu daga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Al-Qalam ko Hassan Usman Poli, wasu kuma YouTube ne kawai malaminsu, kuma wallahi hannunsu ya faɗa sosai. Amma zaka ga mutum ya shekara da laftop ɗinsa bai karɓi ko sisi ba, in ma ya samu aiki ɗaya sai ya yi shi a kan kuɗin da ko datar da ya ƙona ba zai mayar masa ba. Abin yana damuna, domin aikin yana nan cikin Katsina da Daura da Funtua da Malumfashi, abin da ya rage mana shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa da kuma iya faɗin kuɗi ba tare da jin kunya ba. To ga yadda nake ganin ya kamata ka bi abin daki-daki.

Da farko ka haɗa abin da zaka nuna

Babu Alhajin da zai baka kuɗi don ka ce masa ka iya WordPress, manhajar da ake haɗa websayit da ita, shi bai ma san mene ne WordPress ba kuma ba ruwansa. Abin da yake so ya gani da idonsa ne a cikin wayarsa. Don haka kafin ka taka ƙofar kowa ka zauna ka haɗa shafuka uku na gwaji, ɗaya na makaranta, ɗaya na otal ko asibiti mai zaman kansa, ɗaya na shagon kaya. Ka sa musu suna irin namu da hotuna irin namu, kar ka bar hoton Bature da kwat a shafin makarantar Islamiyya, kuma ka rubuta a jiki cewa na gwaji ne, kar ka ce wa kowa aikin wani kamfani ne da ka yi alhali ba haka ba ne, garin ƙarami ne za a gane.

Ka gwada su a ƙaramar wayar Android da netwok mai rauni, ba a laftop ɗinka ba. Kusan duk wanda zai buɗe shafin a nan da waya zai buɗe, idan ya tsaya yana juyawa yana juyawa a gaban kwastoma to magana ta ƙare tun ba a fara ba. Ka rage nauyin hotuna, ka cire duk wani abu mai tsalle-tsalle da ba shi da amfani.

Kai ma ka mallaki naka shafin da sunanka, adireshi mai ƙarewa da .com.ng ya isa, ba shi da tsada. Ka buɗe WhatsApp Business da lamba daban. In da hali ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ka buɗe asusu da wannan sunan, domin makaranta ko ƙungiya ta fi sakin jiki ta tura kuɗi asusun kasuwanci a kan asusun mutum, wasu ma akantansu ba zai yarda ba sam sai da rasit mai sunan kamfani.

Na biyu, wa zaka nema?

A nan ne yawancinmu suke ɓata lokaci. Ba kowane mai shago ne yake buƙatar websayit ba, wannan gaskiya ce da ya kamata ka yarda da ita tun wuri. Mai sayar da hatsi a kasuwar Charanchi ko dillalin shanu a Mai'adua cinikinsa na tafiya da waya da amana, in ka matsa masa ya yi shafi zai biya sau ɗaya ya ga babu abin da ya ƙaru, daga nan duk inda ya zauna zai ce ai abin nan cin kuɗi ne kawai. Ka nemi wanda yake da matsalar da shafi zai warware masa.

Makarantu masu zaman kansu su ne na farko a wurina. Ka duba yawansu daga Ƙofar Ƙaura zuwa Layout zuwa GRA zuwa hanyar Batsari da hanyar Dutsin-Ma, kowacce tana gasa da 'yar uwarta wajen jawo iyaye, kowacce tana fama da rubuta rizalt da hannu ƙarshen zango, da layin karɓar fom, da iyaye masu cewa sun biya kuɗin makaranta alhali ba a ga shaida ba. In ka je wa mai makaranta da maganar fotal da iyaye zasu duba rizalt ɗin yaro a waya su biya kuɗi a waya, zai saurare ka fiye da in ka je da maganar dizayin mai kyau. Akwai ma adireshin .sch.ng da aka ware wa makarantu. Masu makarantun suna da ƙungiyarsu ta NAPPS, suna haɗuwa suna hira, in ka yi wa ɗaya aiki mai kyau sauran zasu ji. Lokacin zuwa wurinsu kuma shi ne dogon hutu, Yuli da Agusta, kafin a koma a Satumba, lokacin ne suke neman sabbin ɗalibai kuma suke da natsuwar zama da kai.

Sai ƙungiyoyi masu zaman kansu. Katsina ta cika da ƙananan ƙungiyoyi masu neman tallafi daga masu bada agaji, kuma fom ɗin neman tallafi sau da yawa yana tambayar adireshin shafi da imel, ƙungiyar da take turo wasiƙa da Gmail ba a kallonta kamar wadda take da imel mai sunanta. Waɗannan sun san darajar abin, ba sai ka yi dogon bayani ba. Sai kamfanonin jirgin yawo masu kai mutane Hajji da Umara, su lokacinsu kafin azumi ne da kafin aikin Hajji, suna son mutane su ga farashin kujera da lasisinsu na NAHCON a wuri ɗaya. Sai otal-otal, asibitoci da dakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu, masu sayar da filaye da gidaje, masu injin casar shinkafa da masu takin zamani da ke son hulɗa da kamfanonin Kano da Legas. A Daura kuma zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ya kawo baƙi da ɗalibai, masu masauki da masu gidajen haya da wuraren cin abinci duk suna son a same su a intanet.

Hajiyoyi masu kasuwancin atamfa da leshi da turaren wuta da kayan kicin a Instagram fa? Yawancinsu ba shafi suke buƙata da farko ba. Ka gyara mata katalog na WhatsApp Business, ka sa ta a taswirar Google, ka karɓi ɗan kuɗin aikinka. Google Business Profile, wato rajistar da ke sa kasuwanci a taswirar, kyauta ne, kar ka ce mata Google ake biya, ka ce kuɗin aikinka ne. Ranar da kasuwancin ya girma har tana kasa amsa saƙonni ita da kanta zata neme ka a yi shago na intanet. Kuma a nan 'yan uwa mata masu wannan sana'a suna da damar da mu maza ba mu da ita, ke zaki shiga har ɗakin Hajiya ki zauna ki ɗauki hoton kaya ki koya mata yadda zata sa farashi, don Allah kar ki raina wannan kasuwar.

Aikin gwamnati ban ce kar ka nema ba, amma yana son kamfani mai rajista da lambar haraji da sauran takardu, kuma sai kana da jarin da zaka iya jiran biya. Ba da shi ake farawa ba.

Na uku, yadda ake shiga

A Katsina ba a cika samun aiki ta saƙon da aka tura wa wanda bai san ka ba. Ta hannun mutum ake shiga. Ka zauna da takarda ka rubuta duk wanda ka sani mai alaƙa da irin wuraren da na lissafa, malaminka na sakandare da yanzu yake hedimasta, yayan abokinka da ke aiki a asibiti, mai shagon buga takardu da ke yi wa makarantu kalanda da katin shaida, mai gyaran kwamfuta, mai ɗaukar hoto. Masu buga takardun nan musamman, su ne ake fara tambaya ko sun san mai yin websayit. Ka je ka same su ku yi magana a fili, duk aikin da ya zo ta hannunsu suna da la'ada, misali kashi 10 cikin 100, kuma ranar da kuɗi ya shigo ka kai musu ba sai sun tambaya ba.

In an haɗa ka da mutum ka je da kanka, cikin shiga ta mutunci, ka gaisa yadda ya kamata ka tambayi iyali da aiki, kar ka zauna kawai ka buɗe laftop. Kafin ka je ka riga ka bincika sunan wurin a Google, sai ka nuna masa abin da ke fitowa. "Ranka ya daɗe, na rubuta sunan makarantar nan ban ga komai ba sai wani tsohon shafin Facebook, lambar da ke jiki ma ba ta shiga, amma ga ta maƙwabtanku ta fito har da taswira." Wannan kaɗai ya fi duk wani dogon turanci. Daga nan ka miƙa masa wayarka ya taɓa shafin gwajin da hannunsa.

Ba lallai ya amsa a ranar ba, yawanci zai ce zai yi shawara. Ka bar masa kati, bayan kwana uku ko huɗu ka tura gaisuwa da link ɗin, bayan sati biyu ka sake leƙawa. In ka ga shiru ka bar shi da gaisuwar Juma'a da ta Sallah, kar ka zama mai naci har a fara ɓoye maka. Sannan duk aikin da ka gama ka sa a status da Facebook da Hausa, ka faɗi matsalar da aka warware, bayan ka nemi izinin mai shi.

Maganar aikin kyauta don a san ka, ni ina ganin sau ɗaya ya isa, kuma ka zaɓi wurin da idon mutane yake, kamar makarantar Islamiyyar unguwarku ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ko shi ma su biya kuɗin domen, wato sunan adireshin shafin, da hostin, wato hayar wurin da shafin zai zauna a intanet, da kansu, aikin hannunka ne kawai sadaka, kuma ka gaya musu kuɗin da ake yin irinsa don su san abin da ka bari.

Na huɗu, kar ka faɗi kuɗi a zaman farko

Tambayar farko da zai yi maka ita ce nawa ne. Ka ce masa, "Alhaji bari in ji abin da kake so tukun, gobe in sha Allahu zan kawo maka a rubuce." Duk farashin da ka faɗa a tsaye shi zai riƙe, ko da daga baya ka gano aikin ya ninka abin da ka zata. Ka tambaye shi shafi nawa ne, wa zai kawo rubutu da hotuna, yana da logo ko sai an yi, Hausa da Turanci yake so ko ɗaya, za a karɓi kuɗi ta ciki ko a'a, wa zai riƙa sa sabbin abubuwa bayan an gama, yaushe yake so a gama, kuma wa ke da ta cewa a ƙarshe. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci ƙwarai, sai ka gama aiki da manaja sannan mai wurin ya dawo daga tafiya ya ce shi kalar ba ta yi masa ba a sake komai. Rubutu da hotuna kuma kusan kullum kai zaka ƙare da yinsu, zai ce zai turo ya yi wata bai turo ba, don haka ka sa kuɗinsu tun farko.

Na biyar, lissafin farashin kansa

Farashi kashi biyu ne kuma kar ka taɓa cakuɗa su, akwai kuɗin da zaka biya wasu, akwai kuɗin aikinka.

Kuɗin da zaka biya wasu shi ne domen, hostin, da duk wani tamfulet, wato shiryayyen dizayin shafi, ko fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, in na kuɗi ne. Yadda zaka yi wa kwastoma bayani cikin sauƙi, hostin kamar hayar shago ne, domen kuma allon sunan da ke ƙofar shagon, duk shekara ake sabunta su, in ba a biya ba a rufe. Ka faɗa masa wannan tun ranar farko da bakinka kuma ka rubuta, domin rigimar da ta fi yawa a sana'ar nan ita ce ta shekara ta biyu, mutum ya ɗauka ya saya har abada sai ga ka da maganar sabuntawa. Adireshin .ng da .com.ng hukumar NiRA ce ke kula da su, ana saye da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na .com kuwa farashinsa da dala yake tafiya, haka ma hostin na kamfanonin waje irin su Namecheap da Hostinger. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, duk wanda ya yi wa kwastoma alƙawarin tsayayyen kuɗin sabuntawa da naira a wancan lokacin daga aljihunsa ya cika. Don haka ranar da zaka rubuta farashi ka shiga ka duba kuɗin ranar, ka rubuta cewa wannan farashin na sati biyu ne, na sabuntawa kuma zai bi yadda kasuwa take. Ka lura kuma da farashin talla, wasu kamfanonin shekarar farko da arha suke bayarwa, ta biyu ta ninka, kuɗin sabuntawar zaka duba. Makullin tsaro na SSL akwai na kyauta na Let's Encrypt a yawancin hostin, kar ka caji mutum kuɗin sayen abin da ba ka saya ba.

Yanzu kuɗin aikinka. Kar ka fara da tambayar nawa wane yake karɓa, ka fara da nawa kake kashewa a wata. Bari in yi misali, lambobin na misali ne kai ka sa naka. A ce data naira 25,000, ka san tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 data ta daina zama ƙaramin abu. Man janareto ko kuɗin zama a wurin da ke da sola 30,000. Kuɗin mashin da Keke Napep na zirga-zirga wurin kwastoma 20,000. Abin da zaka riƙa ajiyewa saboda laftop, domin batir zai mutu, caja zata ƙone, wata rana sai an sake ta gaba ɗaya, 20,000. Sai albashinka kai kanka, a ce 150,000. Jimla 245,000. To aiki nawa kake iya samu kuma ka gama a wata, tsakaninka da Allah? A farko da wuya ya wuce biyu, wani watan ma babu. Kenan ƙaramin shafi in ka yi shi ƙasa da wajen 120,000 ban da domen da hostin, kai ne kake tallafa wa kwastoman ba ka sani ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kai da ka sayi laftop ka koyi sana'a kana ƙona mai, ka yi sati uku a kan aikin 30,000, wannan ba tawali'u ba ne zaluntar kai ne, kuma kana karya wa sauran 'yan uwanka kasuwa.

Wannan lambar da ka fitar ita ce ƙasanka, ba ita zaka faɗa ba. Daga nan sai ka duba nauyin aikin da kuma amfanin da mai shi zai samu. Shafi mai fuska biyar na gabatar da kamfani daban, shagon intanet mai kaya 200 da kowanne sai an ɗauki hoto an sa farashi daban, fotal ɗin makaranta kuma wani abu ne can dabam domin kowane zango sai an taɓa shi. Shi fotal ni na fi son a yi shi a kan kowane ɗalibi kowane zango, misali naira 500, makaranta mai yara 400 ka ga 200,000 kenan duk zango, ita makarantar bata ji nauyin biya a dunƙule ba kai kuma kana da abin da ke shigowa sau uku a shekara. Amma ka sani bayanan yaran mutane amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023, kar ka bar rizalt da hotunan yara a buɗe kowa ya shiga.

In za a karɓi kuɗi ta shafin ka gaya masa akwai cajin kamfanin da ke karɓa. Paystack misali suna cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ba ya wuce naira 2,000 a biya ɗaya. Asusun kuma da sunan kasuwancinsa za a buɗe, kuɗin mutane kar ya taɓa bi ta asusunka ko da shi ya roƙa.

Ka kai masa farashi hawa uku a takarda ɗaya, ƙarami da matsakaici da babba, kowanne da abin da ke cikinsa. Haka zai koma tunanin wanne zai ɗauka maimakon tunanin ya yi ko kar ya yi.

Na shida, ciniki

Za a taya, wannan al'adarmu ce kar ka ji haushi, ka ɗan bar wurin ragi a farashinka tun farko. Amma in ya taya ƙasa da ƙasanka, ka rage aiki kar ka rage kuɗi kawai. "Yallaɓai a wannan kuɗin zan iya yin fuska uku, sai mu bar biyan kuɗi ta intanet zuwa gaba in an samu hali." In ka zabge rabin kuɗi ba tare da ka cire komai ba zai ɗauka da ma cutarsa ka so yi.

Zaka ji ana cewa akwai yaron da zai yi a 20,000. Kar ka zagi yaron, ka ce Allah ya sa albarka, sai dai Alhaji ka tambaye shi da sunan wa zai sayi domen, kuma in shafin ya faɗi bayan wata shida wa za a kira. Zaka kuma ji ai kai namu ne, ko ai ni ne zan haɗa ka da manya. Ga dangi da abokan mahaifi abin da ya fi shi ne ka rubuta cikakken farashi, a ƙasa ka rubuta ragin da ka yi saboda zumunci, ya gani da idonsa. In ba haka ba gobe zai turo maka abokinsa ya ce ai dubu kaza ka yi masa. In ciniki bai yiwu ba ka ce albarka cikin fara'a ku rabu lafiya, da yawa suna dawowa.

Na bakwai, a rubuta kuma a bada kafin alƙalami

Wasu suna jin nauyin kawo takarda gaban babba kamar rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a nan. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma in ya fi so. A rubuta abin da za a yi da abin da ba ya ciki, ranar gamawa wadda zata fara ƙirguwa daga ranar da ya kawo kayan aiki, gyara sau nawa ne kyauta, ni ina ganin biyu ya wadatar, kuɗin duk wani ƙari, da kuɗin shekara-shekara. Ku sa hannu, ko aƙalla ka tura ta WhatsApp ya amsa da na amince. In magana kuka yi a waya ko ya turo saƙon murya, ka rubuta abin da kuka tsayar ka tura masa.

Adibas kuma dole ne, kashi 60 ko 70 cikin 100 kafin ka taɓa komai, domin a ciki zaka sayi domen da hostin. Kar ka fara aiki da hoton rasit, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Cikon kuma kafin ka ɗora shafin a adireshinsa na gaskiya, ka gina shi a wurin gwaji naka ya gani ya gamsu ya cika sannan a ɗora. Da zarar shafi ya hau an fara yaɗa shi a guruf-guruf, karɓar ciko sai ka yi ta sintiri.

Aikin waje fa?

Upwork da Fiverr, shafukan da ake samun aiki daga ƙasashen waje, gaskiya ne ana samu, amma ba da sauri ba, kuma sai Turancinka ya zauna da wuta da netwok da zaka iya amsa saƙo cikin dare. Fiverr suna cire kashi 20 cikin 100, Upwork kuma sai ka sayi abin da suke kira Connects kafin ka nemi yawancin ayyuka. Kuɗin ana fitar da su ta irin su Payoneer. Kar ka sayi akawun ɗin wani kuma kar ka bada hayar naka, rufewa suke yi da kuɗin a ciki. Akwai hanya ta tsakiya da mutane suke mantawa, kamfanonin Kano da Kaduna da Abuja da aiki ya yi musu yawa suna neman wanda zasu ba wani ɓangare, ka tura musu ayyukanka.

Na ƙarshe, miƙa aiki da kuɗin kulawa

Domen da sunan kwastoma da imel ɗinsa zaka saya, ba naka ba. Na san wasu suna riƙewa wai don kar mutum ya gudu, ni a wurina cin amana ne, kuma shi ne abin da ya sa manyan mutane da yawa suke tsoron mu, an taɓa yi musu shafi yaron ya tafi bautar ƙasa ko ya canza lamba komai ya bi ruwa. Ranar miƙawa ka rubuta masa duk faswod a takarda, ka zauna da sakatarensa ko ɗansa ka koya masa sa hoto da labari, ka yi ɗan gajeren bidiyo da Hausa ka tura masa don in ya manta. Kuma don Allah ka guji tamfulet da fulogin na sata da ake rabawa a Telegram, sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, wata rana a wayi gari shafin makarantar mutane yana tallan caca, sunanka ne zai ɓaci.

A wannan zaman ne zaka kawo maganar kulawa, tun yana cikin farin ciki. WordPress da fulogin ɗinsa kullum suna son sabuntawa, ana son ajiye kwafin shafin a wani wuri daban, ana son canza farashi da sa sanarwa. Ka yanka masa kuɗin wata ko na shekara, ka faɗi iyakar abin da ke ciki, misali ƙananan gyare-gyare huɗu a wata, abin da ya wuce haka lissafinsa daban. In kana da mutum 10 kowanne yana biyan 10,000 a wata ka ga 100,000 kenan tun kafin sabon aiki ya zo, ita ce zata riƙe ka a watannin da kasuwa ta yi sanyi.

Ka buɗe littafi ko Google Sheets ka rubuta sunan kowane kwastoma da ranar da domen da hostin ɗinsa zasu ƙare, ka sa wayarka ta tuna maka saura wata ɗaya. Ka kira shi a lokacin, ka sake tunawa saura sati biyu, domin domen in ya mutu ya wuce ɗan wa'adin da ake bayarwa kuɗin farfaɗo da shi ya ninka na sabuntawa, in aka ƙara sakaci kuma wani zai iya saye. Idan ka je karɓar kuɗin sabuntawar ka tafi da bayanin mutum nawa suka shiga shafin a shekarar da saƙo nawa aka turo ta ciki, ka nuna masa a waya, sannan kafin ka tashi ka tambaye shi ko akwai wani cikin abokansa da yake ganin zai buƙaci irin wannan, ya baka lamba ko ya kira shi a gabanka.